Mako na shida: na yanke tirelar sau huɗu kafin ta zauna

'Yan'uwa masu koyon harkar fim, ga inda aka kwana. Fim ɗina mai minti 12, kan yaron da ke tuƙa kwalekwale a kogin Binuwai nan Garwa yana jiran dawowar mahaifinsa, ya kammala tun watan jiya. Tirela, wato ɗan ɗanɗanon fim ɗin da zan tura wa masu bukukuwan fim, ita ta hana ni barci.

Tirelar farko minti biyu ce cur. Na kai wa Yaya tana tankaɗen gari a tsakar gida, ta goge hannu da zani ta karɓi wayar. Da ta gama ta miƙo mini, ta ce, "Ƙanena, ai na gama kallon fim ɗin. Uban bai dawo ba ko?" Nan jikina ya yi sanyi. Ashe son in nuna duk hoton da na sha rana a kansa ne ya sa na zazzage labarin gaba ɗaya, har da ƙarshensa.

Na koma DaVinci Resolve, manhajar da nake tace fim da ita, na dinga sara. Yanzu daƙiƙa 45 ce. Tana buɗewa da baƙin allo da ƙarar filafili a ruwa, sai fuskar yaron, sai hannun uwarsa tana ƙulle kuɗi a bakin zani, sai tambayar da ya yi mata: "Inna, yau ne?" Ba a ji amsarta ba, sunan fim ya fito. Na cire hoton faɗuwar rana a kan gada, wanda na fi so a duk aikin. Ya yi kyau, amma bai sa mai kallo ya tambayi komai ba. Da Yaya ta ga wannan, cewa ta yi, "To me ta ce masa?"

Kiɗa ma ya ba ni wuya. Na ɗora waƙar wani a yankan farko, ina sakawa a Facebook aka toshe sautin saboda haƙƙin mallaka. Masu bukukuwa ma suna son ka tabbatar kiɗan naka ne ko kana da izini. Sai na nemi wani dattijo mai garaya a unguwarmu. Muka rufe ɗaki, muka rataya barguna a bango don muryar garayar kada ta yi amsa-kuwwa, muka kashe fanka duk da zafin Garwa. Na biya shi, muka rubuta takardar yarjejeniya, ya sa hannu.

Fassarar ƙasan allo na yi ta da Faransanci da Turanci, kowacce a fayil ɗin SRT nata, wato fayil ɗin rubutu da ke tafiya daban da hoton. Mutane da yawa a waya suke kallo, sauti a kashe, don haka a tirelar na manna rubutun a jikin hoton.

Bukukuwan fim da na sa a gaba uku ne. Ecrans Noirs na Yawunde, wanda Bassek Ba Kobhio ya kafa a 1997, shi ne na gida. Sai FESPACO na Wagadugu, da ake yi tun 1969, yanzu duk bayan shekara biyu, yana kuma da gasar gajerun finafinai. Sai na Clermont-Ferrand a Faransa, wanda gajeren fim ne kawai sana'arsa. Wani ya ce na ɗauko dala ba gammo. Na tuna masa Mahamat-Saleh Haroun, maƙwabcinmu ɗan Chadi, ya karɓi kyautar alƙalai a babban bikin fim na Cannes da ke Faransa a 2010.

Ina roƙonku, kada ɗoki ya sa ku saki cikakken fim a YouTube. Bukukuwa da dama ba sa karɓar wanda ya riga ya bazu. Nawa yana Vimeo, wani shafin ɗora bidiyo, a kulle da kalmar sirri, tirelar kaɗai ke yawo a WhatsApp.

Na buɗe shafi a FilmFreeway, dandalin da ake tura wa bukukuwa fim ta cikinsa. Kuɗin shiga wasu bukukuwan da dala ne, kuma sai da katin banki, don haka na rubuta wa biyu ina neman rangwame. Daren jiya ƙarfe biyu na fara ɗora fim ɗin a FilmFreeway, lokacin da intanet ke sakin jiki, aka ɗauke wuta yana dab da gamawa. Yau na cika batirin kwamfutar tun la'asar, zan sake gwadawa.