Ranar da na kashe rimot jirgi yana sama

Asabar, Jos.

Sanyin hunturu ya hana ni fita bayan sallar asuba, saboda haka na shimfiɗa kwali a kan teburin falo na ɗora jirgin nan marar matuƙi da na shafe wata huɗu ina harhaɗawa. Abu na farko da na yi shi ne cire farfelunsa guda huɗu na zuba su a aljihun tebur, domin aikin yau yana buƙatar a tayar da injuna a cikin ɗaki, kuma farfela mai inci 10 tana iya yanka yatsa har ƙashi. Aiki biyu na ɗaukar wa kaina: in sa jirgin ya riƙa aiko mini da rahoton halin da yake ciki yana sama, wato telemetiri, sannan in tsara masa matakan ko-ta-kwana da zai ɗauka da kansa idan ya daina jin umarnina.

Na telemetiri bai ba ni wahala sosai ba. Ƙananan rediyoyi ne guda biyu irin na SiK, ɗaya a jikin jirgi a ramin TELEM1 na Pixhawk, wato ƙaramar na'urar da ke sarrafa tashin jirgin, ɗaya kuma a jikin kwamfuta. Na zaɓi masu aiki a zangon megahaz 433, domin masu 915 an yi su ne don Amurka, kuma zangonsu yana taɓa wanda layukan wayar salula suke amfani da shi a nan. Na ɗaura wa kowanne eriyarsa kafin in ba shi wuta, don kada ya ƙone. Da koriyar fitilarsu ta daina ƙyaftawa ta tsaya cak, na san sun ga juna, amma Mission Planner, manhajar da ke nuna rahoton jirgin a kwamfuta, ta ƙi nuna komai. Da na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya sai na ga kuskuren daga wajena yake: wayar aikawa ta rediyo na haɗa da wayar aikawa ta jirgi, alhali ya kamata su gitta, mai aikawa ta shiga mai karɓa. Na zare su da tsinken allura na musanya, na sa saurin sadarwa a 57600, nan take layin sararin samaniyar da ke allon ya fara karkata duk inda na karkatar da jirgin da hannu. Lambar shaidar rediyoyin, wadda take zuwa a 25, na canja ta a duka biyun, ko da wata rana wani zai zo fili ɗaya da irin nawa.

Daga nan na shiga abin da ya fi damuna. ArduPilot, manhajar da ke cikin Pixhawk, tana gane cewa rimot ya yanke ne ta hanya biyu: ko dai risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot a jikin jirgi, ta yi shiru gaba ɗaya, ko kuma adadin tashar totur, wato umarnin ƙara wa injuna gudu, ya faɗo ƙasa da abin da aka sa a saitin FS_THR_VALUE, wanda yake zuwa a 975. Na kunna matakin yankewar rimot, na zaɓi jirgi ya koma gida, wato wurin da ya tashi, na tayar da injuna, na ɗaga totur kaɗan, sannan na kashe rimot. Babu abin da ya faru. Injuna suka ci gaba da juyawa, adadin totur a allo ya tsaya a 1300 bai motsa ba, kwamfutar ba ta ce uffan ba. Na daɗe ina kallon wannan lamba, domin ma'anarta a fili take: risibar tana riƙe da umarnin ƙarshe da ta samu tana ta maimaita wa jirgin, shi kuma yana zaton har yanzu ina tare da shi. Da a sama hakan ta faru, da ya miƙe yana tafiya har batir ya ƙare, ya faɗo a kan rufin wani ko a tsakiyar yara. Na kusa tsallake wannan gwajin saboda na ga an rubuta cewa matakin yana kunne, kuma tun da rana nake jin nauyin hakan a raina.

Na koma saitin risibar na umarce ta da ta daina aika komai idan ta rasa rimot. Da na maimaita gwajin, cikin kamar daƙiƙa ɗaya jan rubutu ya bayyana a allo, yanayin tashi ya canja zuwa sauka, tunda a cikin ɗaki babu taurarin ɗan'adam da zai nemi gida da su. Sau biyar na yi, har ƙanena da ke shan shayi ya ce, “Yaya, ai ya yi tun ɗazu.” Na ce masa ina so idona ya saba da yadda abin yake faruwa ne. Na kuma lura cewa ko an sake kunna rimot, jirgin ba ya dawowa hannun mutum sai an murɗa makunnin yanayi zuwa wani wuri, abin da ya kamata yatsa ya haddace.

Batun batir ma yana da nasa tarkon. Nawa mai ɗaki huɗu ne, wato ƙananan batura huɗu a haɗe, yana cika a bolt 16.8, amma iyakar gargaɗin da na tarar a ciki 10.5 ce, wadda ta dace da mai ɗaki uku. Kafin nawa ya sauko nan ya riga ya lalace. Na sa 14.0 a matsayin matakin farko, inda zai juyo gida, da 13.2 a matsayin na biyu, inda zai sauka duk inda yake. Sai dai waɗannan lambobi ba su da amfani idan awon ƙarya ne, kuma da na gwada da na'urar awon wuta na samu 16.7, jirgin kuwa yana cewa 16.2, don haka sai da na daidaita shi. Na ba da rata mai yawa da gangan saboda Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin goma, farfela sai ta ƙara gudu kafin ta ɗauki nauyi ɗaya, batir kuma ya fi saurin zuƙewa. Matakin da ke aiki idan kwamfuta ta yanke na bar shi a kashe, domin batirin kwamfutata ba abin dogaro ba ne, kuma muddin rimot yana hannuna ban ga dalilin da jirgi zai juyo don ita ba.

Bayan la'asar muka nufi wani fili ta wajen Lamingo. Sai da na fara zuwa na gaida dattijon da ke noman dankalin Turawa a gefen wurin, na ce, “Baba, za mu ɗan gwada wata na'ura, ba za ta bi ta kan gonarka ba,” domin a garin nan abu mai shawagi a sama ba tare da bayani ba yana tayar wa mutane da hankali, kuma suna da gaskiya. Da na dubi itatuwan turaren da suka kewaye filin, na ga mita 15 da jirgin yake hawa kafin ya koma gida ba za ta wadatar ba, na mayar da ita 30. Na kafa masa shinge a cikin manhaja, wato iyakar tashinsa, na mita 150 a kewaye da 60 a sama. Muka jira har ya kama taurari 14, sannan na tayar da shi a kan kwalin da na shimfiɗa, tunda wurin da aka tayar da injuna shi yake ɗauka a matsayin gida.

Na kai shi nisan mita 40, tsayin mita 8, na fara gwada komawa gida da makunni, ya yi daidai. Na sake mayar da shi, na yi bisimilla, na danna maɓallin kashe rimot. Ƙanena yana durƙushe gaban kwamfuta ya ce, “Yaya, ya canja, yana hawa, goma sha biyar, ashirin.” Ƙarar injunan ta ƙaru, jirgin ya miƙe sama har ya wuce kan itatuwa, ya juyo ya taho a hankali, ya tsaya a kanmu daƙiƙa biyar, sannan ya fara saukowa. Na riga na sake kunna rimot, yatsana yana kan makunni, amma ban taɓa komai ba. Ya dira a ƙasa taku biyu daga kwalin, ƙura ta tashi, injuna suka mutu da kansu.

Batir yana 15.3 lokacin da muka naɗe kaya, ana kiran magariba. Matakin batir ban gan shi da idona a sama ba tukuna. Gobe in Allah ya kai mu zan bar shi yana shawagi a mita 3 a kan ciyawa har ya sauko 14.0, in kuma rubuta minti nawa ya ɗauka.