Spironolactone ba maganin da ake sha da ka ba ne

Ƙannena, musamman ku da kuke jinyar iyaye masu hawan jini ko ciwon zuciya, da ku 'yan matan da kuka fara jin wai akwai ƙwayar da ke kashe ƙurajen fuska da gashin gemu, dan Allah ku ba ni aron hankalinku. Maganin da nake nufi shi ne spironolactone, ina shan sa har yau kuma wallahi ya min rana, amma saura ƙiris ya yi ajalina, kuma ba laifin maganin ba ne, sakacina ne.

Bayan haihuwata ta uku zuciyata ta yi rauni, irin ciwon nan da ke kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko na jego, wanda likitoci a Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe suna ganin yawansa. Ƙafafu suka kumbura, in na danna yatsa a ƙwauri sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, ba na iya barci sai na tara filo na jingina. Aka ɗora ni a kan Lasix da lisinopril, maganin hawan jini da zuciya, da spironolactone 25mg, wanda wasu suka fi sani da Aldactone. Lasix shi yana kwashe ruwa ta fitsari ya tafi da sinadarin potasiyam, shi kuwa spironolactone yana fitar da ruwa da gishiri amma ya riƙe potasiyam ɗin a jiki. Haka amiloride ma yake, wanda ke cikin Moduretic ɗin nan da tsofaffinmu da yawa ke sha don hawan jini. Potasiyam kuwa da shi zuciya ke daidaita bugunta, a jini ana so ya tsaya tsakanin 3.5 zuwa 5.0, in ya haura 5.5 likita zai taɓa maganin, in ya kai 6 zuwa sama to maganar gaggawa ce don zuciya na iya tsayawa. Kuma ƙoda ce babbar hanyar fitarsa, duk abin da ya taɓa ƙoda ya taɓa wannan lissafin.

Inda na fara kuskurewa shi ne gwajin jini. Likita ya rubuta min E/U/Cr, gwajin ƙoda da gishirin jini kenan, ya ce in yi bayan sati ɗaya da farawa, in sake bayan wata, daga nan lokaci-lokaci. Na yi na farkon ya fito lafiya, kumburi ya saɓe, na fara hawa bene ba haki, sai na ce to me zan je in yi a layin lab in kashe kuɗi a zare min jini ga yara ga hidimar gida. Takardar ta zauna a cikin jaka har ta yage. In magani ya ƙare sai in ba yaro kwalin ya kai kemis a ba shi irinsa, ba wanda ya taɓa tambaya ko na yi gwaji. Abin da ban gane ba a lokacin, potasiyam in yana hawa yawanci ba ya yin sallama, ba ciwon kai ba zazzaɓi, mutum na yawonsa yana jin garau alhali jininsa ya kai inda bai kamata ba. Jin sauƙi ba hujja ba ne, takardar lab ce kaɗai ke faɗa.

Sai ciwon baya ya zo. Duk wadda ta yi goyo ta san shi. Na aika aka sayo min diclofenac, ina sha safe da dare, wani lokacin in haɗa da ibuprofen in ya matsa. Waɗannan magungunan da Feldene da danginsu suna rage jinin da ke shiga ƙoda, to ga lisinopril shi ma yana ɗaga potasiyam, ga spironolactone, abu uku kenan suka taru a kan ƙoda ɗaya. Kuma lokacin azumi ne cikin zafin bazara, ban tambayi likita ko zan iya ba na ɗauka kawai don ina jin kunyar a ce ba na yi, in an sha ruwa in ci dabino da yawa da ayaba da lemu, duk masu potasiyam ne. Ana cikin haka gudawa ta kama ni, ina ta zaga banɗaki jiki na bushewa amma ban fasa haɗiyar ƙwayoyina ba, a tunanina ai an ce kar in yi fashi.

Wata safiya na zo tashi daga kan sallaya ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, kamar an zare musu laka. Yatsuna da gefen bakina suna wani irin tsira-tsira, ƙirjina ya buga ya tsaya ya sake bugawa. Maigidana ya ce ko aljanu ne ko shawara, Allah ya sa yayata tana gidan ta ce a'a asibiti za a tafi yanzu. Aka manna min wayoyin ECG, na'urar duba bugun zuciya, aka ɗebi jini, potasiyam ya haura 6 ƙoda kuma ta fara gazawa. Aka yi min allurar kalsiyam ta jijiya don kare zuciya, aka sa ruwan suga da insulin don ya mayar da potasiyam cikin ƙwayoyin jiki, aka tsayar da magungunan. Likitar da ta duba ni ta ce "Hajiya, me kike sha banda abin da muka rubuta?" Na zazzage ledar a kan gado, ta ɗauki katin diclofenac ɗin ta riƙe tana kallona. Ita ta koya min cewa duk ranar da amai ko gudawa ta kama mai shan irin su spironolactone da lisinopril da Lasix, ba ya iya riƙe ruwa a ciki, to ya dakata da su ya nemi likita a ranar, ba wai ya daure ba. Na ciwon jiki kuwa ta ce in tsaya a paracetamol. Ta kuma ja kunnena a kan Septrin, wanda mutane ke saya kamar alewa don tari ko gudawa, shi ma yana riƙe potasiyam, haɗa shi da spironolactone haɗari ne babba musamman ga tsofaffi.

Maganar abinci kar ku tsorata iyayenku har su daina cin komai, ba a hana ayaba ko dabino ko dankali ko alayyahu ba, a dai daina cikawa, kuma mai ciwon ƙoda ko ciwon suga ya fi kowa bukatar kiyayewa. Abin da ya fi su haɗari shi ne gishirin nan na kanti da ake cewa na masu hawan jini ne, ku juya bayan robar za ku ga potasiyam aka zuba a madadin gishirin. Na ga yara suna sayo wa iyaye shi da kyakkyawar niyya. Ruwan toka ma da ake sa wa a miya potasiyam ne a cikinsa, ita kuma kanwa gishiri ce da ke tara wa mai ciwon zuciya ruwa. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san me ke ciki ba, a faɗa wa likita kafin a sha, kar a ɓoye.

Akwai wani kuskuren da na yi wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Matar ƙanina ta zo da ƙafafu a kumbure tana da ciki wata shida, na ɓallo mata nawa na ce ta sha zai saɓe. Allah ya taimaka ta nuna wa nas a wajen awo kafin ta fara, aka hana ta. Spironolactone yana danne sinadarin namiji a jiki, shi ya sa ake gudun shi ga mai ciki don yana iya taɓa halittar jariri namiji, kuma kumburin mai ciki zai iya zama alamar hawan jinin da ke kawo jijjiga, awo yake bukata ba maganin fitsari ba. Wannan dannewar ce ma ta sa likitocin fata ke rubuta shi don ƙuraje da yawan gashi, gaskiya ne yana aiki, amma su suna tambayar ko kina da ciki ko kina nema, da lafiyar ƙodarki, da abin da kike sha, wanda mai talla a TikTok ba zai tambaye ki ba. Yana iya rikita al'ada ya sa nono ciwo. Maza kuma wasu ƙirjinsu kan kumbura ya yi zafi, in babanku ya yi wannan ƙorafin kar ya jefar da maganin a ɓoye don kunya, a koma asibiti, akwai eplerenone da ake iya canza masa.

Yanzu da safe nake sha bayan na karya, don kar fitsari ya hana ni barci. In na manta har lokacin na gaba ya matso ba na haɗa biyu. Duk kemis ko asibitin da na shiga, ko ciwon haƙori ne ya kai ni, kafin a rubuta min komai sai na ce ina shan spironolactone da lisinopril. Azumi kuma tun Sha'aban nake zuwa a yi min gwaji, likita ta duba ta ce in yi ko in ciyar.