Hantar Layya a Kan Garwashi

A gidanmu na Tudun Wada, tun ina yaro, hanya ɗaya kayan cikin ragon layya suke bi. Da zarar mahauci ya gama fiɗa, mata za su kwashe tumbi da hanji da huhu su nufi bakin rijiya, a wanke, a tafasa, sannan a soya su cikin kitsen ragon har su yi ƙayau. Hanta kaɗai ake ɗan tsakura a jefa a wuta domin maigida, wanda bai sa komai a bakinsa ba tun asuba, ya fara cin naman layyarsa bayan saukowa daga idi. Yawanci takan fito baƙa a waje, a bushe a ciki, kuma ban taɓa jin wani ya yi ƙorafi ba, saboda mun ɗauka haka gasasshiyar hanta take.

Ƙanena ne ya sauya mini wannan tunani a Babbar Sallar bara, bayan ya dawo daga karatu a birnin Fas na ƙasar Maroko. Ana cikin fiɗa ya durƙusa kusa da mahaucin ya ce, "Baba, don Allah wannan kitsen mai kama da raga, wanda ya lulluɓe tumbi, a cire mini shi gaba ɗaya kada ya yage." Dattijon ya zare shi a hankali, ƙanena ya ɗauraye shi ya shanya a igiya kamar mayafi. Ya cire matsarmama daga jikin hantar ba tare da ta fashe ba, domin ɗigonta ɗaya yana iya ɓata hantar da ɗaci. Daga nan ya ɗora hantar sukutum a kan garwashi na ɗan lokaci, har ta ɗan yi tauri yadda wuƙa za ta yanka ta ba ta tsiyaya, ya yayyanka ta ƙanana, ya barbaɗa gishiri, ya naɗe kowane yanki da zirin kitsen, ya soke su a tsinke. Mutanen Maroko suna kiran wannan gashi bulfaf, kuma shi ne abin da gidaje da yawa suke fara ci ranar layya, da gurasa da shayin na'ana'a. Su garin kammun, wani kayan ƙamshi, suke sawa. Mu da ba mu da shi a gida sai muka yi da yajin tsire, kuma a ganina bai rage komai ba.

Dalilin daɗinsa a fili yake ga duk wanda ya tsaya a gaban wutar. Hanta ba ta da kitsen kanta sosai, don haka zafi yana zuƙe ruwanta nan da nan. Idan aka sa mata rigar kitse, shi ne yake karɓar zafin, yana narkewa yana jiƙa ta, har waje ya soyu ciki kuma ya nuna da laushi. Umma, wadda da farko ta ce ana ɓarnar kitsen suya, ita ce ta ce a ƙara mata tsinke na biyu.

Abin ya tsaya mini a rai, na shiga bincike, sai na tarar cewa a can ƙarshen nahiyarmu ma haka ake yi. A Afirka ta Kudu gashin nama a fili, wanda suke kira braai, ya zama al'adar da ta haɗa baƙi da farare, har ma ranar 24 ga Satumba, wadda take ranar hutun tunawa da al'adun gargajiya, mutane da yawa sun mayar da ita ranar gashi, kuma a 2007 Desmond Tutu, fitaccen limamin Kirista na ƙasar, ya karɓi zama uban wannan yunƙuri. Cikin abubuwan da suke gasawa akwai hantar ɗan rago da aka naɗe da wannan kitsen mai raga, suna kiranta skilpadjies, wato 'yan kunkuru, saboda zanen da kitsen yake yi a bayanta. Tsakanin Fas da Kef Tawun tafiyar dubban kilomita ce, harshe daban, addini daban, amma makiyaya tumaki a wuraren biyu sun kalli hanta da kitsen da Allah Ya ajiye kusa da ita, suka gane cewa tare suke tafiya.

Turkawa kuwa hanji suka ɗaukaka. A Santambul ana sayar da kokorec a bakin titi har tsakar dare: ana wanke hanjin ɗan rago tas, a nannaɗe shi a jikin dogon ƙarfe a kan kitse da wasu kayan ciki har ya yi kauri kamar damtse, a kwantar da shi gefen garwashi ana juyawa, sannan a datsa shi ƙanana da barkono a cusa cikin burodi. Girkawa suna da irinsa, kokoretsi, wanda suke gasawa a bikin Ista. A garin Urfa da ke kudu maso gabashin Turkiyya, tsiren hanta abincin karin kumallo ne. A Ajantina ma kayan ciki ake fara sauke wa baƙi kafin tsoka, sai dai su na shanu suka fi yi.

Ban kawo waɗannan misalai don in ce an fi mu iya wuta ba. Duk wanda ya ga tukubar gargajiya, inda mai tsire yake kafa tsinkaye kewaye da wuta maimakon a bisanta, ya san cewa kakanninmu sun daɗe da gane cewa zafi ne yake gasa nama, harshen wuta ƙona shi yake yi. Abin da yake damuna shi ne a gida mun ware wannan gwaninta ga tsoka, muka bar kayan ciki ga tukunya, kamar su ne na baya a daraja, alhali hadisi ya ambaci hanta da saifa da sunansu cikin abin da aka halatta mana.

Bayan sallah na gwada hanjin da kaina. Na yi sammako zuwa kwatar Zango na sayo na tunkiya, wanda tsawonsa yakan haura mita 20, na juya cikinsa waje, na wanke da gishiri da lemun tsami sau da yawa, na ɗan tafasa shi kafin in naɗe a ƙarfe. A karon farko na yi gaggawa, na ɗora shi gawayi bai gama kamawa ba, kitse ya ɗiga, wuta ta tashi ta mayar da shi baƙi mai warin hayaƙi. A karo na biyu na nemi gawayin ƙirya, irin wanda maƙera suke so saboda daɗewar zafinsa, na jira har toka ta rufe garwashin, na ture shi gefe guda, na zauna ina juyawa fiye da awa ɗaya. Ya fito waje ƙayau, ciki laushi.

Wanda zai gwada ya duba hantar da kyau tun a hannun mahauci. Idan ya ga fararen ƙuraje ko tsutsa a hanyoyinta, ya bar ta. Ya kuma tabbatar ta nuna har tsakiya, babu ja, musamman idan yara za su ci, sannan a ci da zafinta, domin kitsen rago yana daskarewa a baki da zarar ya huce.

Makon jiya da muka fara zancen ragon bana, Umma ta dubi ƙanena ta ce, "Auta, ka gaya wa mahaucin tun da wuri, kitsen nan naka kada ya yage shi." Ni kuma an ɗora mini neman gawayi.