Idan tankin ruwan sha na jirgi mai filafilai ya fara yoyo: faci ko sabo?

Ruwan sha a cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska abu ne da ake aunawa da lita, domin da zarar an bar gaɓa da wuya a samu inda za a ƙaro shi sai an sake isa wata tasha. Shi ya sa duk mai jirgin da ya ga ruwa yana taruwa a can ƙasan cikin jirginsa, kuma gejin tanki yana sauka ba tare da an buɗe famfo ba, hankalinsa kan tashi, ya fara tunanin fitar da tankin gaba ɗaya. Ra'ayina, bayan na yi fama da irin wannan aiki, shi ne girman ramin da ake gani ba ya isa a yanke shawara da shi. Abin da ya huda tankin shi ne zai nuna ko faci zai riƙe ko kuwa ɓata lokaci ne.

Kafin a ɗora wa tanki laifi, sai a tabbatar da cewa shi ne mai yoyon. A ɗanɗana ruwan da ya taru a ƙasa da kan yatsa, muddin babu mai ko wata ƙazanta a cikinsa: idan da gishiri, daga teku yake shigowa, kuma wannan wata matsala ce dabam wadda ta fi gaggawa. Idan babu gishiri, har yanzu yana iya zama ruwan sama ne da ya biyo ta taga ko ta gindin sandar filafilai. Akwai kuma injin da ke tura ruwa zuwa famfuna. Idan ana jin yana tashi da kansa lokaci-lokaci alhali duk famfunan a rufe suke, to yoyon yana cikin tiyo ko mahaɗar da ke gaban injin, tankin ba shi da laifi. Ɗigon kalar abinci kaɗan a cikin tanki yakan raba gardama, domin duk ruwan da ya fito da launin, an san daga inda ya fito.

Hanyar da na fi amincewa da ita tana bukatar haƙuri kawai. A rufe bawul ɗin da ruwa ke fita, a cika tankin, a sa alama, a bar shi ya kwana. Idan ruwan ya sauka zuwa wani wuri ya tsaya, ramin yana daidai wannan tsayin. Sau da yawa akan tarar yoyon yana can sama ne, a robar murfin dubawa wadda ta bushe ta tsattsage, ko a wuyan tiyon da ake cika ruwa ta cikinsa, kuma irin wannan ba ya nuna kansa sai tanki ya cika maƙil ko jirgi ya karkata da iska. Wannan gyara ne na yini ɗaya. Idan kuwa ruwan ya ci gaba da sauka har ƙasa, aiki ya samu.

Wasu sukan gwada tanki da iska, su toshe dukkan ƙofofi, su hura, su shafa kumfar sabulu a kan layukan walda su jira ƙwai-ƙwai su taso. Dabara ce mai kyau, amma kada matsin ya wuce psi 3 (psi ma'aunin matsi ne). Adadin yana da kamar ƙarami, sai dai daidai yake da nauyin ruwa mai tsayin mita 2 da ɗan kaɗan, wato fiye da tan 2 a kan bango mai faɗin murabba'in mita ɗaya. Tanki mai bango shimfiɗaɗɗe ba a yi shi don ya jure fiye da haka ba. Wannan lissafin ne kuma yake bayyana yadda tankuna da yawa ke tsagewa tun farko: ƙaramin bututun da iska ke fita ta cikinsa ya toshe, a sa tiyon tashar jirage mai ƙarfi a cika, bangon ya kumbura, walda ta buɗe.

Tsagewa irin wannan, a kan layin walda, a tankin da sauran jikinsa ke da lafiya, ita ce wadda ta cancanci gyara. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 200 yana ɗauke da kilo 200 da ke dukan bango duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga jirgi ta sauke. Don rage wannan duka ake sa shingaye a cikin tanki, kuma inda aka liƙa shingen da bango nan ne ƙarfe ke fara gajiya. Mai walda da ya san aikinsa zai iya gyara wurin, ya ƙara masa ƙarfi.

Ci daga tsatsa labari ne dabam. Ƙarfen da ake ce wa ba ya tsatsa yana samun kariyarsa ne daga wata siririyar fata da sinadarin kiromiyam ke yi idan ya haɗu da iskar oksijin. Inda iska ba ta kaiwa, kamar ƙarƙashin tankin da ke zaune a kan jiƙaƙƙen katako, ko wanda aka zuba wa kumfar roba a kewaye don ya tsaya daram, fatar nan ba ta sake yin kanta idan ta lalace, sai gishiri ya shiga huda ƙarfen. A cikin nau'o'in wannan ƙarfe, samfurin 316L ya fi 304 juriya saboda yana da molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kuma ƙarancin kabon ɗinsa yana kare gefen walda, amma shi ma yana da iyaka. Alminiyam kuwa kilorin da ake tsabtace ruwa da shi yana cinsa, haka nan duk mahaɗar jan ƙarfe ko tagulla da aka ɗaura masa kai tsaye. Idan aka buɗe murfi aka haska tocila aka ga fararen ƙuraje a bango, aka kankare ɗaya da bakin sukudireba aka tarar da rami a ƙarƙashinsa, to sauran ƙurajen ma ramuka ne da ba su ƙarasa hudawa ba. Yi wa irin wannan tanki faci kamar ɗinke tsohuwar riga ne wadda zarenta ya riga ya mutu, ana kama nan, can yana yagewa.

Akan shafe cikin tankin ƙarfe ko na faiba da efoksi, wato wani irin gam mai ƙarfi da ke daskarewa, kuma yana yi idan hannu zai kai kowane lungu a goge shi tas, ya bushe sarai. Dole ne ya zama efoksin da aka amince da shi don ruwan sha, irin wanda ya cika ƙa'idar NSF/ANSI 61, domin ba kowanne ne ya dace da abin da mutum zai sha ba. Shingayen ciki su ne cikas, sai an yanka sabuwar ƙofar dubawa a kan kowane sashe da shingayen suka raba. Tankin roba na polietilin kuwa gam na yau da kullum ba ya kama shi. Sai dai a narka sandar roba irin tasa da iska mai zafi a cike tsagar.

Idan an yanke shawarar canzawa, wahalar tana wajen fitar da tsohon. A jirage da yawa ana ajiye tanki ne tun kafin a ɗora rufin jirgi a yi kujeru da gadaje, saboda haka ya fi ƙofar shiga girma. Na fi son a yayyanka tsohon tankin a inda yake a fitar da shi gutsure-gutsure, a kan a farfasa aikin katakon da ba za a iya mayar da shi yadda yake ba, tare da lura da jikin jirgi da wayoyin da ke bayan tankin. Kafin a ba da aikin sabo, a haɗa kwatankwacinsa da kwali, a shiga da shi ta ƙofa, a juya shi har mazauninsa. Sau da yawa amsar takan zama ƙananan tankuna biyu maimakon babba ɗaya, kowanne da bawul ɗinsa. Za a yi asarar 'yan litoci, amma idan ɗaya ya huje a tsakiyar teku rabin ruwan yana nan, kuma a ganina wannan riba ce da ta fi asarar nesa ba kusa ba.

Akwai kuma tankin jaka mai laushi, irin wanda kamfanoni kamar Vetus da Plastimo ke yi. Wasu sukan yanke saman tsohon tanki, su cire shingayen, su goge duk wani kaifi, su shimfiɗa abu mai taushi, su kwantar da jakar a ciki. Yana da sauƙin sawa, sai dai gogayya ce ajalinsa, don haka dole a ɗaure kusurwoyinsa kada ya riƙa zamewa.

Kowanne aka zaɓa, mazaunin ne ya kamata a ba lokaci. Tankin ƙarfe ya zauna a kan siraran sandunan roba mai tauri da aka manna a ƙasansa, yadda iska za ta ratsa, ruwa kuma ya gangare. Tankin polietilin yana son shimfiɗa da ta tallafe dukkan gindinsa da ɓangarorinsa, domin bangonsa yana kumbura idan ya cika. A ɗaure shi yadda ba zai motsa ba ko da jirgi ya kwanta a gefensa, a canza tsofaffin tiyo tun ana iya kai musu hannu, a tabbatar bututun iska a buɗe yake. Allon da zai rufe wurin kuma a ɗaura shi da sukurori maimakon gam, saboda murfin dubawa da mahaɗai suna bukatar a riƙa leƙa su aƙalla sau ɗaya a shekara.