Shekarar da ɗalibi ke zama likita

Iyaye da yawa na ɗauka yaro ya zama likita ran da ya kammala shekara 6 a jami'a. Da saura. Shaidar da hukumar MDCN, mai ba likitoci lasisin aiki a Najeriya, ke ba shi a lokacin ta wucin gadi ce, sai ya yi wata 12 yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci: wata 3 a sashen cututtukan manya, 3 a tiyata, 3 wajen yara, 3 wajen mata da haihuwa.

A nan hannu ke faɗawa. Nan zai koyi samun jijiyar jaririn da gudawa ta ƙarar wa ruwa, da lissafin maganin yaro bisa nauyinsa, domin kuskuren ɗigo ɗaya a lissafi kan ninka magani sau goma. Nan kuma zai gane lokacin da ya kamata ya tashi babban likita da tsakar dare, ba kunya.

Abin da ke damuna shi ne ƙarancin gurbi. Wasu kan zauna gida watanni suna jira, abin da suka koya yana dushewa. Waɗanda suka samu kuma a bar su da ɗakin marasa lafiya cike, ba mai duba aikinsu.