Yadda na koya wa 'yan aji biyu darasin kifin shak, alhali ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu

Yaran da nake koyarwa 'yan aji biyu ne na firamare a nan Kano, shekara 6 zuwa 7, ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu amma kusan kowa ya san kifin shak saboda katun da bidiyon waya. Abin da suka sani dai bai wuce biyu ba, haƙora da cin mutane. Ni kuma so nake su gane cewa kowace gaɓa a jikin kifin nan akwai aikin da take masa a inda Allah ya ajiye shi, kuma da na zauna ina tunanin ta ina zan ɓullo wa abin sai na ga yaro ba zai gane kifin da bai taɓa gani ba sai ta kan wanda yake ci a gida.

Don haka karfasa na saya ɗanya, na roƙi mai kifin ya tsaga min cikin a hankali kar ya fasa jakar iskar nan da take can sama kusa da ƙashin baya, na kawo ta aji a tire. Ƙarni ya cika ajin kam, wasu na toshe hanci, amma wallahi ba wanda ya koma baya, har ture juna suke. Na sa suka taɓa ƙayar, sannan na ce kowa ya kama kunnensa ya lanƙwasa, ya taɓa kan hancinsa. Na ce toh shak ba shi da ƙaya ko ɗaya, gaba ɗaya abin da yake riƙe da jikinsa guringuntsi ne irin wannan na kunnenku, ya fi ƙashi rashin nauyi kuma yana lanƙwasuwa. Wani yaro ya ce "Malama ashe shi ba ya maƙale wa mutum a wuya", kun ga ai ya kama zancen ta hanyarsa.

Muka ɗaga murfin nan na gefen kan karfasar suka ga jajayen abin da take numfashi da su, na nuna musu a hoto cewa shak ba shi da murfin, tsage-tsage ne a gefen wuyansa, yawanci 5, wasu 6 ko 7. Wannan ban daɗe a kai ba.

Inda muka daɗe shi ne maganar me ya sa ba ya nutsewa. Karfasa tana da jakar iska, sun gan ta da idonsu, shak kuwa ba shi da ita, ƙatuwar hanta gare shi cike da mai, shi kuma mai bai kai ruwa nauyi ba. Na ƙulla man gyaɗa a leda ɗaya, ruwa a ɗayar, kowacce na jefa mata 'yar tsakuwa ƙarama iri ɗaya, kafin in saka a bokiti na ce kowa ya faɗi wacce yake ganin za ta yi ƙasa. Da yawa suka ce ta man, wai ai mai ya fi kauri. Da ta ruwan ta sulale ƙasa ta man ta tsaya a sama ihun da suka yi har malamin ajin kusa da mu ya leƙo. Gaskiya wannan tambayar ta kafin gwaji ita ce ta yi aikin, da nuna musu kawai na yi da sun kalla sun manta, amma yaron da ya rantse ta man ce za ta nutse ba zai manta ba. Na ƙara musu da cewa duk da hantar nan shak ya ɗan fi ruwa nauyi, fikafikan gefensa ne suke ɗaga shi in yana tafiya.

Fata kuma sanfefa na karɓo a wurin kafinta suka shafa. Fatar shak lulluɓe take da wasu mitsi-mitsin abubuwa masu kamar haƙori duk sun kwanta sun kalli wutsiya, in aka shafa daga kai zuwa wutsiya sumul, in aka dawo baya sai kaushi, kuma su suke sa ruwa ya zame a jikinsa ya yi gudu ba wahala. Na gaya musu sanfefa ta ko'ina kaushi gare ta, nan suka bambanta, don bana son yaro ya tafi da rabin gaskiya.

Haƙoran na ajiye sai can ƙarshe da gangan, don na san in da su na fara toh an gama, ba wanda zai saurari zancen hanta. Kuma abin ya zo daidai, don a wannan shekarun yawancinsu famfara suke yi, na ce duk mai wawulo ya buɗe baki, rabin aji ya washe. Na tambaya sau nawa haƙori yake sake fito wa mutum, suka ce ɗaya. Na ce shi shak layi-layi nasa suke, na gaba ya faɗi na bayansa ya matso, haka har ya mutu, wani a rayuwarsa yakan zubar da dubbai. Wata yarinya ta ce ina ma kakarta tana da irin wannan.

Bayan nan muka fita fili da igiya mai tsawon mita 12, yara wajen 10 suka kwanta kai da ƙafa kafin su kai ƙarshenta. Na ce wannan tsawon wani shak ne mai ɗige-ɗige, shi ne kifi mafi girma a duniya, wasu ma sun fi haka, amma abincinsa ƙananan halittu ne da yake tacewa daga ruwa, ba ruwansa da mutum. Sai na ɗauko rula na nuna santimita 20 na ce akwai wanda iyakarsa ke nan. Irinsu ya haura 500, kuma sun fi shekara miliyan 400 a teku, tun kafin dainaso. Akwai na ruwan sanyin Girinlan, can arewacin duniya, da binciken da aka fitar a 2016 ya nuna yana kai aƙalla shekara 272. Lambobin nan ba su shige su sosai ba, igiyar ce ta shige su.

Tambayar da na san za ta zo ta zo, "Malama akwai shi a dam ɗin Tiga?" Na ce babu, babu a Tiga babu a kududdufin unguwa. Akwai wani iri da yake shiga ruwan daɗi daga teku, kamar a kogin Zambezi, amma nesa yake da mu. Na faɗa musu mutanen da shak yake kashewa a duk duniya yawanci ba sa wuce 10 a shekara, mu kuwa an ƙiyasta muna kashe kusan miliyan 100 nasu duk shekara, da yawa saboda fikafikansu da ake miya da su. Shiru suka yi. Ni abin da ya fi damuna ma yaro yana tsoron kifin da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba amma da damina ya faɗa kududdufi bai iya ruwa ba, sai na tsaya na ja musu kunne a kan wannan sosai.

Abu ɗaya ne bai zauna ba, maganar 'yan ramukan da suke kan hancinsa da yake jin lantarkin da jikin dabba yake fitarwa, har wani irin shak mai kai kamar guduma yana gano kifin da ya ɓuya a cikin yashi da su. Na binne ƙusoshi a yashi muka nema da maganaɗisu, sun ji daɗin wasan amma washegari duk cewa suke shak yana da maganaɗisu a hanci. Wannan sai 'yan aji huɗu ko biyar, ga ƙanana a bar shi.

Maimakon jarabawa cewa na yi kowa ya zana nasa shak ɗin, ya zo ya nuna min gaɓa ɗaya ya faɗi me take masa. Hanta da haƙori da guringuntsi kusan kowa ya kawo daidai. Duk wanda zai gwada dai ya tanadi sabulu da ruwan wanke hannu tun kafin a fara, kuma kifin a kawo shi da safe, kafin rana ta yi.