Shekara tara da jinyar Inna a Tawa

Ranar da wani likita a Yamai ya shaida mana cewa abin da ke damun Inna ba sammu ba ne, cutar mantuwa ce da ake kira Alzheimer, wadda mutanenmu kan haɗa da gigin tsufa, tambayar da na fara yi masa ita ce tsawon lokacin da ya rage mata. Ya ce rai na hannun Allah, amma mai wannan cuta yakan yi shekara 4 zuwa 8 bayan an gano ta, wani ma har ya kai 20. Na riƙe farkon maganar, na saki ƙarshenta, kuma daga nan kuskurena ya soma.

Da yake na ɗauka jinyar ba za ta yi nisa ba, sai na mayar da Inna gida Tawa, na danƙa ta a hannun ƙanwata, na koma bakin aiki ina aiko da kuɗi duk ƙarshen wata, ina ganin na sauke nauyi. Inna ta yi shekara 9. A tsawon wannan lokaci ƙanwata ta rufe keken ɗinkinta, kuma da wuya ta sami cikakken barci, domin Inna kan tashi da tsakar dare ta ɗauki guga ta ce za ta rijiya, alhali rijiyar da take nufi tana ƙauyen da ta baro tun ranar aurenta. Sai a shekara ta biyar ƙanwata ta ce mini cikin kuka: "Yaya, ba kuɗi nake nema ba, wanda zai karɓe ni ko na mako guda nake nema." Ku da iyayenku suka fara manyanta, idan wannan jarrabawa ta zo muku, ku zauna tun a watan farko ku raba kwanakin jinya tsakaninku, maza da mata, ku yi shiri irin na doguwar tafiya.

Na kuma cutar da Inna da gardama ba tare da na sani ba. Duk lokacin da ta tambayi Baba, nakan ce, "Inna, ai Baba ya rasu," sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi rasuwar. Ƙanwata ce ta nuna mini hanya, domin ita takan zauna kusa da ita ta ce, "Inna, ba ni labarin ranar da aka kawo ki gidan nan," sai fuskarta ta washe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sha'anin abinci. Idan cutar ta yi nisa, haɗiya kan yi wuya, abinci ko ruwa ya bi hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu, wanda shi ne ajalin da yawa daga cikin masu wannan cuta. Ku zaunar da mara lafiya sosai kafin ku ba shi komai, ku bi shi sannu da ƙaramin cokali, a zafin Afrilu kuma ku riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, domin ƙishirwar ma mantawa yake da ita. Ni kuwa Inna na kwance na ba ta kunu a zuwana na ƙarshe, saboda tausayin kada in wahalar da ita da tashi, kuma har yau ina jin tarin da ta yi a wannan dare.